Dogon hutu ya zo, ina yaranmu masu buƙata ta musamman ke wuni?

(An kwafo daga rikodin laccar da wata malama ta yi ma iyaye da malamai a Gusau)

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena, malamai abokan aiki, Allah shi saka da alheri da kuka taso cikin wanga ruwa.

In an ba da dogon hutu ƙarshen Yuli, kowa ya san inda ɗanshi za shi, wani lesin, wani islamiyya, wani gona tunda damina ce, manyan kuma ga bitar da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi ke shiryawa. Toh yaron da bai ji fa, da wanda bai gani, da wanda shan inna ta taɓa, da mai galahanga? Mun sani dai, ko a kulle shi ɗaki ko a tura shi bakin titi da kwano. Shi ya sa nike roƙon duk mai shirya wani abu na hutu a garin ga ya buɗe ƙofa su shigo tare da sauran yara. Tare na ce, kada a ware musu nasu can gefe.

Abin nan an yi shi wasu wurare ya yi kyau. A Amurka wata mata Eunice Kennedy Shriver, ƙanwar shugaba Kennedy, yayarta na da lalurar ƙwaƙwalwa, a 1962 ta tara irin yaran nan a filin gidanta lokacin hutu suna iyo suna ƙwallo tare da ɗaliban da suka zo taimako. Daga nan ne gasar wasannin masu lalurar ƙwaƙwalwa, wadda ake ce ma Special Olympics, ta fito a 1968. Filin gida fa! Mu kuma ai ba sai mun je nesa ba, Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, a kanshi aka saukar da farkon Suratu Abasa, ya yi ladanci, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha bar mishi Madina in zai fita.

Bari in faɗa muku abin da ya faru gabana, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci da kaina. Wani hutu mun tara yara muna karatu da wasanni, cikinsu akwai yaro da ke rarrafe, silifas yake sa ma hannuwanshi. Kwana uku ina lura bai shan ruwa, a miƙa mishi fiya wata ya ce ya ƙoshi, ga gumi na zuba. Ran na huɗu na ja shi gefe na ce ɗana mi ya faru, sai ya sunkuyar da kai ya ce malama ban ɗakin ne, ƙasan duk a jiƙe, in ya shiga da hannu zai taka kuma da hannun zai ci abinci. Wallahi kunya ta kama ni, mun sayi ƙwallo mun buga riguna amma ba wanda ya duƙa ya kalli ban ɗakin daga inda shi yake kallonshi. Abin da ya gyara lamarin bai taka kara ya karya ba, kujerar roba aka huda, aka kafa ƙarfen riƙo a bango, aka sa mai wankewa sau biyu a wuni.

Don haka kafin ku buga fom, ku ɗauko mai keken guragu ya zagaya wurin da kanshi, matakala, faɗin ƙofa, wurin alwala. Ku nemo mai maganar hannu saboda kurame, kuma ya koya ma sauran yaran gaisuwa da ƙirga, yara sun fi mu saurin ɗauka. Ku tambayi uwa wane magani yake sha, ƙarfe nawa, mi ke tayar mishi da hankali. Mai farfaɗiya in ta taso a kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai ji mishi ciwo, kada a tura mishi cokali a baki, kuma don Allah a daina gudu, ba a ɗaukarta ta miyau.

Maganar kwana a sansani bayan gari kam ku bar ta, kun san halin tsaron da muke ciki, ba uwar da za ta yarda kuma tana da gaskiya. A yi cikin gari, a zo da safe a koma bayan la'asar.

Mu Zamfarawa wanga nauyi ya fi hawa kanmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta, Abare, 'Yargalma, Bagega. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo suka yi magani, amma dalma in ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba ta cika saki ba, waɗanda suka tsira yanzu samari ne da 'yanmata. Haka shan inna, an tabbatar asalin ƙwayar cutar, wadda ake ce ma ta daji, ta ƙare a Najeriya a 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu. Shi ya sa ban yarda a ce shirin na yara ne kaɗai ba. Manya su zo, kuma su zo a matsayin malamai, makahon da ya haddace Alƙur'ani ya riƙe ajin hadda, gurgun da ke gyaran waya ya koya ma samari, a biya su kamar kowa. Ku je gun sarkin makafi da sarkin guragu, sun san gidajen da mu ba mu sani ba.

Doka ma tana nan, wadda shugaba Buhari ya sa ma hannu a Janairun 2019, ta haramta nuna musu wariya, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin ya wuce. Amma ni iyaye mata nike ji, akwai wadda ta ce min rabonta da gidan suna ko biki ta manta, saboda ba wanda zai riƙe mata ɗiya ko na awa biyu. Wuni ɗaya da kuka karɓi yarinyar nan, uwar ma ta samu ta numfasa.

Akwai takarda gun ƙofa, mai aji ko fili da zai ba da aro, da mai keke napep da zai iya ɗauko yara biyu da safe, ya rubuta unguwarshi kafin ya fita. Alhaji na ga hannunka sama, bismillah.