Yadda taɓon gindin teku ke faɗin zafin ruwan zamanin da

Masu kallo, idan hunturu ya kankama a Katsina, ku shafa yatsa a gilashin mota da sassafe. Wani ɓangare na farar ƙurar nan daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ta kwaso shi, inda a da makeken tafki ne. A cikinta akwai ɓawon wasu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa, dangin gansakuka, da ake kira dayatom.

Kowace ɗaya ƙwayar halitta guda ce, tana zaune cikin ɓawon silika, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. Ɓawon biyu ne, ɗaya ya hau kan ɗaya kamar samira da murfinta, kuma kowane iri da nasa zanen. Idan ta mutu sai ɓawon ya nutse ya kwanta a gindin teku, na bana a kan na bara.

Abin da ya sa masana suka damu da su shi ne kowane iri da ruwan da yake so. A tekun da ya kewaye Antaktika, irin da ake kira Fragilariopsis curta yana bin ƙanƙara, Azpeitia tabularis kuwa sai inda ruwa ya yi ɗumi. A zurfin tekun nan ɓawon alli na wasu halittun ruwa yakan narke, na silika ne ke saura.

Daga jirgin bincike, irin Polarstern na Jamus, ake cusa dogon bututun ƙarfe cikin taɓo a zaro shi, a tsaga shi biyu, a riƙa ɗiba bayan kowane 'yan santimita. Sai a zuba sinadarin haidirojin feroksaid ya cinye ruɓaɓɓen abu, a zuba asid ya narkar da alli, a ɗauraye sau da yawa, a bar ɓawon ya kwanta a kan siririn gilashi. A madubin da ke ƙara girma sau 1,000 ake ƙirga ɓawo 300 zuwa 400 a kowane samfur, ana ware kowane iri. Wanda ya karye, sai ya haura rabi ake lissafa shi, don kada a ƙirga abu ɗaya sau biyu.

Daga nan sai kwatantawa. Manomin Daura da ya ga aduwa da gawo da gero ya san ƙasar ba ta samun ruwan sama irin na ƙasar doya. Haka ake yi a nan: an riga an tara samfuran saman taɓo daga ɗaruruwan wurare da aka san zafin ruwansu na yau. Sai kwamfuta ta nemo waɗanda haɗin dayatom ɗinsu ya fi kama da na tsohon samfurin, a ɗauki matsakaicin zafinsu. Akwai kuma lissafin da masana John Imbrie da Nilva Kipp suka fitar a 1971. Idan aiki ya yi kyau, kuskuren yakan tsaya wajen digiri 1.

To, ina ake tuntuɓe? Babbar matsala narkewa ce. Mafi yawan ɓawon ba ya ma isa ƙasa, sirara ke fara tafiya, masu kauri irin Fragilariopsis kerguelensis su cika samfurin, lissafi ya karkace. Mai aikin kirki yakan fara duba lafiyar ɓawon kafin ya yarda da alƙaluma. Tsutsotsin gindin teku kuma suna cakuɗa wajen santimita 10 na sama, su haɗa ƙarni da ƙarni. Igiyar ruwa na iya kawo ɓawo daga nesa. Sannan a tekun kudu, wato na Antaktika, dayatom sun fi yaɗo a lokacin zafi, don haka zafin wannan lokacin suke faɗi, ba na shekara duka ba.

Ƙurar hunturunmu ma takan shiga lissafi. Iska tana kai ta har tekun Atilantika, a tarar da dayatom ɗin tafki, irin Aulacoseira, cikin taɓon ruwan gishiri. Waɗannan ba a sa su a lissafin zafi. Gefe ake ware su a ƙirga daban, domin yawansu yana nuna lokutan da tafkunan Sahara suka ƙafe, iska ta yi ƙarfi.