Kafin Ka Cusa Tsohon Faifanka a Akwatin NAS

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Akwatin da ake kira NAS ƙaramar sabar ajiya ce da ake jonawa da rauta, duk wata waya ko kwamfuta da ke gidan ta samu fayilolinta a wuri guda. Masu ɗaukar bidiyon biki su suka fi yin wannan tambayar: ina da faifai biyu (hard disk) maƙare da aiki, zan iya zaro su in cusa a ciki, su ci gaba daga inda suka tsaya?

A yawancin akwatunan, a'a. Akwatin zai goge faifan tas kafin ya karɓe shi.

Dalili kuwa, kowace manhaja da tsarin da take jera fayiloli. Faifan da ya fito daga Windows galibi NTFS ne. Akwatin NAS na kamfanin Synology yana aiki da ext4 ko Btrfs, kuma yana yankar wa manhajarsa ta DSM wuri a jikin kowane faifai. TrueNAS, wata manhajar NAS, shi kuma ZFS ya sani. Da ka ce a haɗa ma'ajiya, gargaɗi zai fito a allo cewa duk abin da ke cikin faifan zai tafi, ga ɗan wurin amincewa a ƙasa. Hannun da ya saba danna "eh" ba tare da karantawa ba, a nan yake jawo wa mai shi kuka. Ba a yi wa ɗaki sabon daɓe da kaya a ciki, dole a fara fitar da su tsakar gida.

To ina tsakar gidan? Sabon faifai ne, wanda babu komai a cikinsa, girmansa ya isa ya ɗauke abin da kake da shi. Shi kaɗai za ka fara sakawa a akwatin. Tsohon kuma ka jona shi ta USB a bayan akwatin, domin ta nan akwatunan Synology da na kamfanin QNAP suna karanta NTFS ba tare da sun taɓa komai ba. Idan faifan a kulle yake da BitLocker, sai dai ka buɗe shi a kwamfutarka, ka tura fayilolin zuwa akwatin ta kebul ɗin rauta.

Sai kwafi. Kwafi fa na ce, kada ka kuskura ka yanke ka manna. A kebul ɗin rauta mai gudun gigabit, gudun bai cika wuce megabayit 110 a daƙiƙa ba, ke nan tera 4 zai ci kusan awa 10, in kuma ƙananan hotuna ne dubbai, ya fi haka nesa. Ku da kanku kun san NEPA ba ta yi wa kowa alkawarin awa 10 ba, don haka a tanadi UPS ko inbata kafin a fara. Ka yi amfani da manhajar da za ta ɗora daga inda aka tsaya, irin su rsync, robocopy ko FreeFileSync. Da an gama, ka sa FreeFileSync ta gwada abin da ke cikin fayilolin ɓangarorin biyu, ba sunayensu da girmansu kawai ba. Sannan ka buɗe tsofaffin bidiyo biyu-uku, ka ja su zuwa tsakiya, ka gani da idonka.

Yanzu ga inda ake ganganci. Mutum ya ga komai ya koma sabon faifai, sai ya ɗauki tsohon ya saka a rami na biyu don su zama madubin juna, wato RAID 1. Hakan yana yiwuwa, Synology da TrueNAS duk suna bari a ƙara wa faifai ɗaya abokin zama, muddin na biyun bai gaza na farkon girma ba. Amma daga lokacin da aka goge tsohon har akwatin ya gama daidaita su, wanda kan ɗauki sa'o'i masu yawa, aikinka na shekaru yana kan faifai ɗaya tak, kuma sabo, wanda ba ka san halinsa ba tukuna.

Shi ma tsohon a duba lafiyarsa. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana karanto rahoton SMART, wato bayanin lafiyar da faifan ke ajiyewa game da kansa. Dubi layi mai lamba 05, shi ne yawan gurabun da suka lalace aka maye gurbinsu, da kuma C5, waɗanda ake shakkarsu. In ba sifili ka gani ba, ko kalar ta koma rawaya, wannan faifan bai cancanci shiga ba. A duba kuma ko SMR ne ko CMR, hanyoyi biyu ne na rubuta bayanai a jikin faifai. A 2020 an yi ta cece-kuce bayan an gano wasu faifan WD Red na kamfanin Western Digital, daga tera 2 zuwa 6, SMR ne, irin da kan yi nawa sosai wajen sake gina RAID, musamman a ZFS. Red Plus shi ne CMR.

Wanda ba shi da kuɗin sabon faifai, akwai OpenMediaVault, ita ma manhajar NAS ce, tana iya ɗora faifan NTFS yadda yake ta raba shi a gida. Sai dai ka sani babu wata kariya da ta ƙaru, faifan nan dai shi ne shi kaɗai.

Ni a ganina, in da hali, a bar tsohon a waje. RAID yana kare ka ne idan faifai ɗaya ya mutu, amma fayil ɗin da ka goge bisa kuskure yana ɓacewa a duka biyun lokaci guda, haka in wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone akwatin. Ka sayi na biyu sabo idan kuɗi sun samu, tsohon kuma ka rubuta kwanan wata a jikinsa, ka kai shi gidan wani ɗan'uwa, ka riƙa ɗauko shi lokaci-lokaci kana ƙara masa sabbin ayyuka.