Jawabin Maraba ga Babban Kwamishinan Ghana a Nijeriya, daga 'Yan Kasuwar Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ranka ya daɗe Babban Kwamishina, iyayenmu sarakuna, malamai, 'yan'uwa 'yan kasuwa, assalamu alaikum.

Lale marhabin, sannunku da hanya. Wanda ya fito daga Ghana ba baƙo ba ne a Kano. Tun zamanin fatauci da jakuna, kakanninmu ke kai kanwa da tufafi Gwanja, su yi zango a Salaga, su dawo da goro. Jikokinsu ne a zangunan Kumasi da Akara yau.

Wasu cikinmu na tambaya me ya sa ba a ce maka ambasada. Ƙasashe renon Ingila ba sa aika wa juna ambasada, Babban Kwamishina suke aikawa, amma matsayi ɗaya ne, kariyar doka ɗaya ce. Kai ne bakin gwamnatin Ghana a Abuja, kai ne kunnenta. Kanawa dai sun taɓa jin sunan wannan muƙami: shi Lugga, Baturen mulkin mallaka, yake riƙe da shi sa'ad da sojojinsa suka ci garin nan a 1903. Wancan mulki ya zo yi. Kai zumunci ya kawo ka.

Zumuncin ya sha gwaji. A 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta Ghana ta kori baƙi marasa takardu, 'yan Nijeriya da dama suka baro gidaje da shaguna. A 1983, lokacin Shagari, mu ma muka kori 'yan Ghana. Babu wanda ya ci riba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga saƙonmu. Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta gindaya wa baƙon ɗan kasuwa jarin dala miliyan 1, kuma a 2020 an garƙame shagunan 'yan Nijeriya a kanta. Mai sayar da kayan gyaran mota ko atamfa ina zai samo wannan kuɗi? Yarjejeniyar 1979 ta ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba mu shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90. Me shigar za ta amfana in an hana mutum buɗe shago? Mun san kai ba ka yin doka, amma rahoton da za ka aika Akara ana karanta shi, kuma muna roƙon kukanmu ya shiga ciki.

In lokaci ya ba da hali, a leƙa kasuwar goro ta Mariri kafin a kama hanya. Allah ya ƙara zumunci tsakanin ƙasashenmu, ya mayar da ku gida lafiya.