Shekara uku a takarda: yadda ake neman digirin dokta a Yamai

Idan ka haye gadar Kennedy daga cikin garin Yamai ka sauka Harobanda, unguwar ƙetaren kogi, ka iso Jami'ar Abdou Moumouni. An buɗe ta a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. Cikin dubban ɗaliban da ke haye gadar nan kowace safiya, akwai wasu ƴan tsiraru da ba sa rububin kujera a aji, ba sa zaman jarrabawar ƙarshen zango, amma sun fi kowa rashin barci. Su ne masu neman digirin dokta.

Tsarin da ake bi shi ne LMD: lisans shekara 3, masta shekara 2, dokta shekara 3. Shekara 8 ke nan bayan bak, jarrabawar gama sakandare. A takarda fa. Tambayi wanda ke ciki yaushe zai gama, ka ga yadda zai yi murmushi ya ce sai yadda hali ya yi.

Abu na farko da ke riƙe da ɗalibi shi ne malamin da zai jagoranci aikinsa, darektan tez. Ba kowane malamin jami'a ke da wannan hurumi ba, sai wanda ya kai babban matsayi, kuma CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta wasu ƙasashen Afirka, ce ke tantance hawan malamai. A nan Yamai aka haife ta a 1968, ko da yake mazauninta na Wagadugu. Irin waɗannan malamai ba su da yawa. Mutum ɗaya na koyarwa, yana zaman taro, yana tafiya wata ƙasa alƙalancin aikin wani, ga ɗalibansa a layi. Sai ka miƙa babi guda, ka yi ta sintiri a bakin ofis. "Malam, Allah ya ƙara girma, ko an samu dubawa?" A ce maka ka dawo sati mai zuwa. Ranar da babin ya dawo kuwa, jan biro ya rine shi har gefen takarda. Kuma gaskiya, gara wannan jan biron da shirun malamin da bai karanta ba.

Sai aikin fili, inda lissafin shekara uku ke wargajewa. Ɗauki ɗalibar da ke binciken irin hatsi. Damina sau ɗaya take zuwa, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Ta yi shuka layi-layi, ta kafa turaku da lambobi, kowane mako tana duƙe da ma'auni tana awon tsawon kara, tana ƙirga zangarniya. Ruwa ya ɗauke ana tsakiyar fitar kai, ko awaki su faɗa gonar gwaji dare ɗaya, shi ke nan, sai baɗi. Ba wayon da zai jawo damina kusa. Ɗalibin tarihi shi kuma yana tsakanin tsoffin rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta jami'ar, da zauren wani dattijo a Tawa, wanda ba zai buɗe baki a zuwan farko ba. Sai an gaisa, an kai goro, an sake komowa.

Kuɗi fa? Wanda ya dace yana da bursi, ko wani shirin bincike ya ɗauki nauyinsa. Saura suna koyarwa a makarantu masu zaman kansu da rana, su yi rubutu da dare. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, batirin kwamfuta na ƙiftawa. Shi ya sa za ka ga ɗalibi ya ajiye aikinsa a kwamfuta, ya sa a kile na USB, ya kuma aika wa kansa ta imel. Mai goyo kuwa sai yaro ya yi barci take buɗe littafi.

Kafin a kai ga kare aikin, ana son ɗalibi ya fitar da wani sashe na bincikensa a mujallar masana, sannan a ba wasu malamai kundin su karanta su ce ya isa. Ranar sutnans, wato ranar kare aikin, malamai na zaune cikin rigunansu, dangi sun cika ɗaki da sabbin ɗinki. Ɗalibi ya yi bayani, a yi masa ruwan tambayoyi na sa'o'i, alƙalai su keɓe su yi shawara, kowa ya miƙe tsaye a karanta sakamako. Guɗa ta tashi.

A waje, gwaggo ta kama hannun sabon dokta, wanda ya shekara biyar kan ƙasar noma, ta ce: "To ɗana, tunda ka zama dokta, gwiwar nan tawa ta hana ni barci, me za ka rubuta mini?"