Jar ƙasar Paris da lissafin Martina da Chris

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ina wani kulob ɗin tanis ne a bayan garin Paris, ku yi haƙuri da ƙarar iska. Yau raina a ɗan ɓace yake. Wani mai sharhi na ji ya yanke hukunci kai tsaye, wai Martina Navratilova ta doke Chris Evert sau 43, Chris ta rama sau 37, magana ta ƙare. Haba malam! Ka ko tambayi a kan wane irin fili aka buga wasannin nan 80?

Bari in juya muku kyamara. Kun ga jan nan? Jan bulo ne aka niƙa ya zama gari. A filayen Roland Garros, inda ake buga gasar Faransa a Paris, kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, kana karcewa da farce za ka ga fari ya leƙo. Farin nan niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa ne, santimita 6 zuwa 7. Ƙarƙashinsa akwai ragowar ƙonannen kwal santimita 7 zuwa 8, sai tsakuwa aƙalla santimita 30, can ƙasa kuma magudanar ruwa. Ana yayyafa ruwa ana bi da rola ana dannewa, tamkar yadda iyayenmu mata ke daɓe, sai dai su nan babu waƙa, babu makuba. Hayar fili awa ɗaya Yuro 25 a nan inda nake, kada ma ku juya shi zuwa Naira, hawan jini ne.

To ga aikin garin nan. Ƙwallo in ta faɗi sai ta ɗan tone shi, gudunta ya ragu, ta yi tsalle sama har wajen ƙugu ko kafaɗa. Wannan ɗan jinkirin shi ne abincin Chris. A Fort Lauderdale ta jihar Florida ta tashi, mahaifinta Jimmy Evert na koyar da tanis a filayen koriyar ƙasa na Holiday Park. Tana tsaye a layin baya, tana mayar da ƙwallo da zurfi, bugun bayan hannunta da hannu biyu, ba gaggawa, ba kuskure, har sai ke kin gaji kin zubar da kanki. Daga Agustan 1973 zuwa Mayun 1979 ta ci wasa 125 a jere a kan ƙasa, sai Tracy Austin ce ta tare ta a birnin Rum. Kofin Faransa bakwai ta ɗauka. Shekaru ukun da aka yi gasar Amurka a kan koriyar ƙasa a Forest Hills, 1975 zuwa 1977, duk ita ta kwashe.

Martina kuwa bahaguwa ce, ta yi sabis, wato bugun farko, ta ruga raga ta tare ƙwallo tun ba ta taɓa ƙasa ba. Abin mamakin, ita ma a kan jar ƙasa ta koyi wasa a Chekoslobakiya kafin ta nemi mafaka a Amurka a 1975, amma halinta na ciyawa ne. Ciyawar gasar Wimbledon ta Landan milimita 8 ake aske ta. Ƙwallo na faɗawa sai ta sulale, ta tsaya ƙasa-ƙasa wajen gwiwa. Sabis ɗin bahago da aka yanka yana karkata ya fitar da ke daga fili ta gefen bayan hannu, kafin ki dawo tana bakin raga tana jiranki. Kofin Wimbledon tara. Sau biyar suka haɗu a wasan ƙarshe a can, 1978, 1979, 1982, 1984 da 1985, ko ɗaya Chris ba ta ci ba. Irin wannan rugawar a kan jar ƙasa kuwa ganganci ne: Chris na da lokacin gyara tsayuwa ta zura ƙwallo ta gefe, ko ta ɗaga ta ta saman kai, ga santsi da ke hana mai tsaron raga juyawa da sauri.

Yanzu ku riƙe lissafin. A kan ƙasa Chris 11, Martina 3. A ciyawa Martina 10, Chris 5. A siminti Martina 9, Chris 7. A rufaffen zaure, galibi kan kafet mai gudu, Martina 21, Chris 14. Wato cikin wasa 80, 14 kacal aka buga a gonar Chris, 50 kuwa a inda ƙwallo ke sulalewa. Duk da haka tazarar shida ce, kofunan manyan gasa huɗu na duniya kuma 18-18. Ni dai masoyin Chris ne, ba na ɓoyewa, kuma ina ganin da an raba filayen daidai da labarin ya sha bamban.

Amma gaskiya ɗaya ce, akwai lokacin da fili bai ceci kowa ba. Bayan Martina ta kama motsa jiki gadan-gadan a farkon shekarun 1980, ta doke Chris sau 13 a jere, har da wasan ƙarshe na Paris a 1984, ci 6-3, 6-1, a tsakar gidan Chris. Sai Chris ta ajiye raket ɗin katako, ta shiga ɗaga ƙarfe. A 1985 a Paris ɗin nan ta rama, 6-3, 6-7, 7-5. Ku nemi bidiyon wasan nan, wallahi ya cancanci datarku. Af, su biyun nan fa tare suka ci kofin 'yan bibbiyu a Paris a 1975 da Wimbledon a 1976.

Irin wannan rigima da wuya a sake ganinta. Tun 2001 Wimbledon ta canza irin ciyawarta, ƙasan ya ƙara tauri, ƙwallo na tashi sama fiye da da. Kafet ya ɓace daga manyan gasa, gasar Ostireliya ta bar ciyawa tun 1988. Shi ya sa Iga Swiatek, mai kofin Paris huɗu, ta je Landan a 2025 ta ci wasan ƙarshe 6-0, 6-0 tana layin baya.

Ɗan uwa, in ka zo nan za ka buga, kada ka shigo da takalmin gudu. Nemi mai zanen ƙayar kifi a tafinsa, shi ke kama garin ya kuma bar ka ka zame. Zamiyar ma kafin bugu ake yin ta, ba bayansa ba, in ba haka ba ƙwallo ta wuce kana can kana tafiya. In ka ga filin ya yi fari-fari yana ƙura, ya bushe ke nan, a ba shi ruwa tukuna, don a busasshe ake gurɗe idon sawu. Farar safa kuwa ka yi mata bankwana, jan nan ba ya fita duka. Kuma in kun tashi, ku ja ragar shara a kan filin daga gefe zuwa gefe, ku goge layuka da buroshi. Ka tafi ba ka yi ba, tsofaffin kulob za su yi maka kallon da ba za ka so ba.