Dala 640 a kan fulogi shida? Ku zo ku ga inda aka ɓoye ukun baya

Assalamu alaikum jama'a. Mutanen Gombe ina gaisuwa, na Jekadafari, na Bolari, na Pantami, har da 'yan Kumo da ke ƙorafin ba na ambatonsu. Hayaƙin da kuke gani yana fita daga bakina kada wani ya kai wa Inna labari, ban fara shan taba ba, sanyin jihar Indiyana ta Amurka ne. Yau da ɓacin rai na kunna kyamarar nan, ga dalilin kuwa a hannuna. Ku dubi takardar nan da kyau. Dala 640. Wai kuɗin canza wa motata fulogi shida ke nan. Ku buga shi da farashin dala na yau, ni na buga sau ɗaya ban sake ba, saboda hawan jini.

Shekaranjiya ina dawowa daga aiki Sienna ɗin nan ta fara misin. In na tsaya a danja sai ta riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓin damina, in na taka totur sai ta yi tari kafin ta ɗauka. Can sai fitilar inji ta fara ƙyaftawa. To ku ji da kyau, in fitilar nan ta kunnu ta tsaya cak, da ɗan sauƙi. In tana ƙyaftawa kuwa, fetur ne da bai ƙone ba yake gangarawa salansa yana dafa abin nan mai tace hayaƙi da kanikawanmu ke kira indomi, shi kuma indomin a nan in ya mutu sai ka manta da zuwa gida a shekarar. Na biya ta AutoZone, shagon kayan gyaran mota, su suna sa wa mota na'ura kyauta, ta fito da lamba P0303. Ma'ana silinda ta uku ce ba ta cin wuta yadda ya kamata.

Na wuce wani gareji, ba zan kama suna ba. Wani saurayi a bayan kwamfuta, hannunsa fes, ko ɗigon baƙin mai babu, ya danna ya danna ya miƙo mini wannan takardar. Awa-awa suke lissafin aiki, dala 150 duk awa, wai aikin awa uku ne, ragowar kuɗin kaya. Na ce masa fulogi fa na ce, ba inji za a sauke ba. Ya yi murmushi ya ce ai ukun baya ne matsalar. Na yi godiya na naɗe takardata.

Ni fa, ni da na yi shekara huɗu ina wanke sifana a garejin Kawu can wajen Tashar Dukku, a ƙarƙashin bishiyar maina, in an tashi daga makaranta. Fulogi shi ne aikin farko da ake ba yaro. Mai Jincheng ya turo babur, ka kwance, ka wanke da fetur, ka goga samfefa, ka ɗora shi jikin inji a buga kik ka ga wuta shuɗiya, shi ke nan, a ba ka na rake. Fijo 504 kuwa in an ɗaga boneti har wurin zama yaro yake samu a ciki. Kawu, in yaran sun nuna maka bidiyon nan, Allah ya ƙara maka lafiya, ka zauna sosai ka ga abin da aka yi wa ɗanka.

Matso da kyamarar nan. Injin V6 ne, lita 3.5, ƙirar 2008, an kwantar da shi a gicciye. Ga uku nan a gaba suna kallona, na biyu da na huɗu da na shida, kowanne da kwayil ɗinsa mai ba shi wuta a kai, ƙusa ɗaya mai lamba goma ke riƙe da shi. Waɗannan ko almajirin gareji na sati ɗaya zai canza su kafin shayi ya huce. Na ɗaya da na uku da na biyar fa? Suna can baya, jikin bangon da ya raba inji da ƙafar direba, an kife musu wannan baƙin manifol ɗin mai raba wa silindoji iska a kai, sannan gindin gilashin gaba ya sake rufe manifol ɗin. Ko ganinsu ba ka yi, balle hannu ya kai. Kuma abin haushin, a jihar nan ake haɗa motar, a garin Princeton, tafiyar da ba ta wuce Gombe zuwa Bauchi da ɗan ɗori ba. Wallahi na so in tuƙa ta haka tana tari in je in ce a nuna mini wanda ya zana injin nan, in ga girman hannunsa.

A gidan hayar da muke an hana gyaran mota a wurin fakin, ka ɗaga boneti ya daɗe sai ka tsinci takarda a ƙofa. Wannan garejin na wani ɗan uwa ne mutumin Damagaram, ladansa kwanon tuwo da miyar kuka daga wajen uwargida. Kukar ma ta Gombe ce, saura kaɗan a leda, duk wanda zai taho ya ji ni. Fulogi shida na Denso dala 75, gaskit dala 15, sabon kwayil guda dala 70 saboda ban yarda da na silinda ta ukun nan ba.

Tun daren jiya na ajiye ta ta kwana. Kada wanda ya kwance fulogi da zafin inji a irin wannan motar. Top ɗinta, wato saman injin da ake ɗaura fulogi a jikinsa, alminiyom ne, yana da laushi, in ka murɗa da zafi sai fulogin ya fito da tiredin a jikinsa, daga nan kuma labari ya zama na sauke top.

Na cire tasha ɗaya ta batir. Na cire wayifa biyu, na ɗaga robar gindin gilashi, na kwance motar wayifa da farantin ƙarfen da ke ƙasanta. Duk wannan fa ban ko taɓa inji ba. Sai bututun iska, sai bakin totur, sai ƙananan tiyo da soket-soket na waya, kowanne sai na ɗauke shi hoto kafin in zare. Kawu ba ya ɗaukar hoto, a kansa yake ajiyewa, amma ni gurasar Amurka ta cinye mini ƙwaƙwalwa.

Inda na sha wuya shi ne ƙusoshin da ke riƙe manifol ta baya. Ba a ganinsu, lalube ake yi. Kwanciya na yi rub da ciki a kan injin, kunci a jikin ƙarfe mai sanyin ƙanƙara, hannu ya shige har kafaɗa, ido a rufe, yatsa ne ke gani. Ku dubi bayan hannuna, duk ya kwailaye. A nan ne ma soket ɗina mai lamba goma ya suɓuce. Na ji ƙiling, ƙiling, sai shiru. Bai faɗo ƙasa ba. Na haska, na zura maganaɗisu, na leƙa ƙarƙashi, ko alamarsa. Sai da mai gidan ya ara mini nasa.

Da manifol ya tashi sai ga ramuka shida a buɗe suna kallon sama. Nan take na cusa musu tsumma. Don Allah duk mai yin aikin nan ya toshe su kafin ya yi komai, domin wasa-wasa noti ɗaya ya faɗa ciki, ya gangara kan fistin, kana ba ta wuta ka kashe inji da hannunka.

To yanzu ga abin da ya sa na ce sai na yi bidiyon nan. Ga ukun gaba da na cire, ga ukun baya, na jera su a kan kwali. Kun ga bambanci? Na gaban wasu ne masu araha, ba su daɗe ba. Na bayan kuwa Denso ne, bakinsu ya cinye, tsakanin ya buɗe ya wuce milimita 1.1 da ya kamata, kuma duk alamu sun nuna tun na kamfani ne. Toyota cewa suka yi a canza irin waɗannan masu bakin iridiyom a mil 120,000, wajen kilomita 193,000 ke nan. Motar nan ta haura mil 180,000. Wanda ya sayar mini ya nuna mini rasit, an rubuta fulogi shida. An karɓi kuɗin shida, an canza ukun da ido ke gani, an rufe boneti. A Amurka fa! Ku da kuke cewa a gida ne kaɗai ake yi.

Shi ya sa nake magana da ku direbobin Sienna masu lodin Abuja da Kano, da masu bin hanyar Alkaleri kullum. Yawancin motocinku daga nan suka taso, suka bi ta ruwa zuwa Kwatano ko Legas, da ukun bayansu yadda suke. Kana shan mai kamar rijiya, kana hawan tudu tana ja da baya, an wanke nozul, an canza famfon mai, an zargi gidan mai, ba wanda ya leƙa baya. In ka ba da aiki, ka ce a miƙo maka tsofaffin shida a hannu, ka ƙirga. In an gama cikin minti ashirin wayifa tana nan inda take, ka yi tambaya. Kuma ka biya bakaniken haƙƙinsa, aikin baya ba na kuɗin shayi ba ne, ni shaida ne. Sannan a kula da jabu, kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, in farashin ya yi daɗi da yawa ka ajiye musu kayansu. Ba a goga wa iridiyom samfefa, bakinsa siriri ne kamar allura, wannan ba fulogin janareta ba ne.

Wajen ɗaurawa dabarar Kawu na yi. Guntun tiyo na samu, na cusa kan fulogin a ciki, na zura shi rami ina murzawa da yatsu biyu. In tiredi ya hau daidai zai tafi sumul, in ya karkace tiyon ne zai zame, ba abin da zai lalace. Sai ya zauna sannan sifana ta taɓa shi, ita ma ba da ƙarfin tuwo ba. Mai gidan nan ya tsaya yana kallo, ya ce a ina na koya. Na ce a jami'ar ƙarƙashin maina. Sabon kwayil a baya na sa shi, in na gaba ya mutu gobe aikin minti biyu ne.

Na mayar da komai, sabon gaskit, na ƙirga tsummana shida cif a waje. Na ba ta wuta sai ta kama wani huci, fiii, tana hawa tana sauka. Gabana ya faɗi. Na koma hotunan waya ɗaya bayan ɗaya, ashe wani siririn tiyo ne a baya na bari yana lilo. Kawu, na san me za ka ce, a bar shi kawai. Na cusa shi.

Ku saurara yanzu. Bari in ɗora kofin shayin nan a kan inji. Kun gani? Ko motsi ba ya yi. Awa biyar ta ci mini maimakon ukunsu, dala 160 da fatar hannu. Soket ɗin nan dai yana ciki, ɗazu da na zagaya layi na ji shi yana ƙara a kwana. In wata rana motar nan ta bi 'yan uwanta ta sauka Tashar Dukku, Kawu, mai lamba goman nawa ne, a ajiye mini. La'asar ta yi, bari in nemi sabulu.