Sharhi: Wa ke horar da malamar ajin raino?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro. Sharhinmu na yau daga nan Zariya ya shafi malaman da ke riƙe da yara 'yan shekara 3 zuwa 5, da yadda ya kamata Jihar Kaduna ta tsara horar da su.

A makarantu da dama, idan an zo rabon azuzuwa a farkon shekarar karatu, malamin da ake ji da shi aji biyar ko shida ake kai shi, saboda jarrabawar shiga sakandare. Ajin ƙananan yara kuwa sai a miƙa wa wadda ta zo aiki jiya-jiya. A makarantun kuɗi da suka cika unguwanninmu, daga Tudun Wada zuwa Samaru, sau da yawa yarinyar da ta gama sakandare tana jiran sakamako ake ɗauka, a sa mata suna Anti, a ba ta alli. Ba laifin waɗannan bayin Allah ba ne. Da yawansu suna son yaran tsakani da Allah. Amma an ɗora musu aikin da ya fi kowane wuya a makaranta ba tare da an koya musu shi ba.

Ƙwaƙwalwar yaro tana kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta kafin ya cika shekara 6. A waɗannan shekarun ne harshensa ke buɗewa, yake koyon jira, da sauraro, da zama da 'yan'uwansa. Doka ma ta san da haka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta saka kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, Manufar Ilimi ta Ƙasa bugun 2013 ta tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, ta kuma ce malami ɗaya ga yara 25. Duk wanda ya taɓa leƙa ajin raino a makarantar gwamnati ya san malama ɗaya kan riƙe fiye da haka nesa ba kusa ba.

Horon da ake ba su fa? Bita. A tara mutane kwana uku a babban ɗaki, a yi musu lacca, a raba takardar shaida da ɗan alawus, kowa ya kama gabansa. Wanda ya halarta ana sa ran ya koma ya koya wa sauran. Wani lokaci wanda aka tura ba shi ne mai koyar da ajin ba. Wani lokaci wadda ta samu horon, kafin zango ya ƙare an canja mata aji ko makaranta. Babu mai biyo sawu ya ga ko wani abu ya canja a gaban yaran. Kuɗi sun fita, yara na nan suna rera A, B, C da baki, ba su san abin da suke faɗa ba.

Jihar nan ta ɗanɗana abin da rashin tsari ke jawowa. A 2017 an yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, fiye da 21,000 ba su kai makin da aka gindaya ba, aka sallame su. Har yau mutane na da ra'ayoyi mabambanta a kan wannan mataki. Abin da ba a gardama a kai shi ne, jarrabawa tana nuna wanda bai sani ba, amma ba ta koya masa. Kuma babu takardar jarrabawar da za ta auna yadda malama ke lallashin yaron da ya ƙi rabuwa da uwarsa, ko yadda take gane wanda ba ya ji sosai.

Tsarin da muke kira a gina zai fara ne da rajista. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ta san kowace malamar ajin raino a ƙananan hukumomi 23, da abin da ta karanta, da horon da ta samu. Rajistar ta haɗa da makarantun kuɗi da na Islamiyya, domin a Zazzau yara masu yawa a can suke fara zama gaban malami. Daga nan a kafa matakai. Wadda take da takardar sakandare kaɗai ta san cewa duk kwas ɗin da ta yi ana ƙirga mata shi har ta kai NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, ta samu rajistar TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista. Wadda ta kai wani mataki ta ga ƙari a albashinta, kuma a daina ɗaukar komawa aji shida a matsayin ƙarin girma.

Amma ƙashin bayan tsarin shi ne horon ya je har cikin aji. A kowace gunduma a zaɓi gogaggiyar malama, a rage mata aiki, a ba ta makarantu kaɗan da za ta riƙa zagayawa. Ba ta zo da jan biro neman laifi ba. Ta zauna a kan tabarma ta kalli darasi, bayan an tashi su zauna su biyu ta ce, Malama, na ga yaran sun gaji da zama, gobe gwada raba su gida-gida, ki ba waɗannan marafan kwalba su ƙirga, waɗancan ki yi musu tatsuniya ki bar su su ƙarasa ta da bakinsu. Bayan mako biyu ta dawo ta ga abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba. Sau ɗaya a wata malaman makarantun da ke kusa da juna su haɗu da yamma, kowa ta kawo abin da ya dame ta. Malamar da ke Soba ko Giwa, mai goyo a baya da aikin gida a gaba, ba za ta iya kwana uku a Kaduna ba, amma za ta iya awa biyu a makarantar maƙwabta.

Kuma a yi horon da harshen da yaran ke ji. A bugun 1977, Manufar Ilimi ta ce a koyar da 'yan ajin raino da harshen uwa ko na yankin. Muna da tatsuniyoyi da kacici-kacici da waƙoƙin wasa da ke koyar da ƙirga da jerin magana, sai dai malama na jin kunyar amfani da su don iyaye na auna makaranta da yawan Turancin da yaro ya haddace. Wannan ma aikin tsarin ne, ya zauna da iyaye ya yi musu bayani.

Masu iya aikin suna nan kusa. Kwalejin da kowa ya sani da FCE Zariya tun 1962 take horar da malamai. Ga Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ga Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, wadda aka kafa a 1976, ta kuma saba da koyar da malamai suna bakin aikinsu. Ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya domin kudancin jiha. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a kan manhaja guda, kowace ta amince da kwas ɗin 'yar'uwarta.

Batun kuɗi kuwa, doka ta ware wa ilimin tushe kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma a cikinsa akwai kason horar da malamai da hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, ke turo wa jihohi. Muna kira ga Majalisar Dokokin Jiha, idan kasafin kuɗi ya zo gabanta, ta tambayi nawa ne daga ciki aka rubuta da sunan malaman ajin raino, nawa kuma aka tanada domin kuɗin motar waɗanda za su riƙa bin su makaranta-makaranta.